Gangar da Ta Hana Manu Buga Ƙasa

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin dattawan da ke shirya mana kokawar kaka a filin bayan gari, nan Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya ƙara girma, ya sa mu ga ƙarshen kakar bana cikin rufin asiri.

Sunana Murtala, mai gyaran waya a bakin tasha. Ka san ni, ka kuma san mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun kuna hawa amalanke ɗaya zuwa Ƙonni. Ni ne nake riƙe da makullin tsohon siton da kwamitinka ya ara mana muna motsa jiki a ciki, kafin ka aiko a karɓe shi. Ba maganar makullin ce ta sa na ɗauki biro ba. Ina rubutu ne a kan Malam Nura, wanda yake koyarwa a makarantar Islamiyyar mahaifinsa a unguwarmu, wanda kuma ka kira mugu a lasifika ranar da hannun ɗan kokawar nan Manu Turmi na Tozai ya karye. Saboda wannan kalma Nura yana shirin barin garin nan, kuma ban ga wanda zai iya tsayar da shi ba sai wanda ya furta ta.

Na so a yi wannan magana a zaure. Na je gidanka aka ce ka tsallaka Ƙonni. Na same ka a shago, ka sa aka kawo mini shayi, ka tambayi lafiyar mahaifiyata, da na buɗe baki sai ka ce abin da ya wuce ya wuce. Na roƙi limamin masallacinmu ya yi maka magana, ya dawo ya ce ka saurare shi da ladabi, ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba. Tun da a bainar jama'a aka faɗi maganar, na ga babu laifi in amsa ta a inda jama'a za su gani. Na san za a karanta maka ita a majalisa, ina roƙon mai karantawa kada ya tsallake komai.

Na farko, abin da muke yi a siton nan.

Yawancin masu zaginmu ba su taɓa leƙa ƙofar ba, don haka bari in faɗa a taƙaice. Akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen waje, mu muna ce masa damben keji, saboda a cikin zagayen raga ake yin sa. Ana naushi, ana shuri, ana kokawa, kuma idan mutum ya faɗi ba a tashi wasa, a ƙasa ake ci gaba. Lokacin da suke yi mu muna barci, sai da safe nake sauke shi a waya, masu sha'awa su taru a rumfata muna kallo muna gardama, wani lokaci har mai jiran gyara ya tafi da wayarsa ba a taɓa ta ba. Shekaru na yi ina wannan kallo ina yanke wa zakarun duniya hukunci daga kan benci, ga tumbi a gabana.

Sai wani mai walda ya zo garin nan aiki daga Yamai, ya ji muna musu a kan wani kamu, ya ce in miƙo hannuna. Kafin in gama dariya na ji kamar gwiwar hannuna za ta fita ta baya. Ashe a can ya koyi ɓangaren kokawar ƙasa na wannan wasa, wanda babu naushi a ciki, sai kamu da maƙure hannu da shaƙa. Shi ya fara koya mana. Muka cika buhuna da ƙaiƙayin gero, muka jera, muka shimfiɗa tamfol a kai, kwamitinka ya ara mana sito, muna godiya har gobe. Ya gama aikinsa ya koma gida, mu muka ci gaba bayan la'asar: ni, da Nura, da wani tela, da masu lodin albasa, da wasu 'yan kasuwar kan iyaka da suke zuwa idan hanya ta yi sanyi.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne darasin farko da mutumin ya koya mana. Bai fara da kamu ba. Ya fara da yadda ake sallamawa. Idan an kama hannunka ko wuyanka ka ga babu mafita, sai ka bubbuga ƙasa ko jikin abokin karawarka da tafin hannu, shi kuma nan take ya sake ka. Wannan bugu shi ne alƙalin wasanmu, shi ne likitanmu. Ya sa mun yi ta maimaita shi har muka gaji, muna cewa mun zo koyon kokawa an sa mu tafi. Ya ce wanda ba zai iya buga ƙasa ba kada ya hau tamfol ɗinsa. A wurinmu ba abin kunya ba ne. Ni a yammaci ɗaya nakan buga wa Nura ƙasa har in manta sau nawa, shi da bai kai rabina nauyi ba, mu tashi mu kakkaɓe, mu tafi sallar magariba sahu ɗaya. Manyan da muke kallo a waya ma suna bugawa a gaban duniya, su koma gida da hannunsu lafiya, baɗi su dawo su karɓi kambunsu.

Kokawarmu ta gado ba haka take ba, kuma ban ce ta yi kuskure ba. A filinka mutum ba ya sallamawa da kansa, kayar da shi ake yi. Ƙasa ce take yanke hukunci, ba bakinsa ko hannunsa ba, shi ya sa wanda aka kayar yake iya tashi ya kalli mutanen garinsu. Wasa biyu ne, kowane da inda yake tsayawa. Ranar nan an haɗa su a fili ɗaya, an ɗauki dokar wannan an ɗora a kan kiɗan wancan.

Na biyu, yadda abin ya faru, kamar yadda na gani ina tsaye kusa da kujerarka.

Kai da kanka ka zo siton ana saura kwanaki a buɗe fili. Ka tsaya a bakin ƙofa kana kallonmu muna birgima, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce kamar masu neman allura a cikin tabarma. Mu ma muka yi dariya, don daga nesa haka abin yake. Sai ka ce mu zo mu nuna wa jama'a kafin manyan 'yan kokawa su shiga, baƙi daga tsallake su ga Illela ma ba a bar ta a baya ba. Muka amince a kan ni da Nura za mu nuna, tsakaninmu, mu da muka san juna.

Ranar Juma'ar da aka buɗe filin, bayan an sauko daga masallaci, fili ya cika. Mutanen Tozai sun zo da Manu, na Lafani da na Garu sun zo da nasu, ga 'yan tsallake da makaɗansu. Muka shiga ni da Nura, muka yi abin da muka saba. Jama'a ba su gane ba, kuma ban ga laifinsu ba. Suka fara ihu wai ƙarti sun kwanta barci da rana, wani ya jefo mana ɓawon rake. Ana cikin haka Manu ya taso daga inda yake zaune, layunsa a damtse, ya shigo tsakiyar fili ya ce a ba shi ɗaya daga cikinmu ya gwada wannan kokawar kwance. Fili ya ɗauki sowa. Ka ɗaga lasifika ka ce an yarda, kuma da dokar 'yan keji za a yi, a ga ƙarshen gardama.

Na zo gabanka na durƙusa, na roƙi abu biyu. Na ce a bar ni in bayyana wa Manu dokar buga ƙasa, ka ce in je. Na ce a sa makaɗinsa ya ajiye ganga har a gama, sai ka kalle ni kamar na ce a cire wa masallaci alƙibla, ka ce ba a taɓa shiga filinka ba kiɗa ba, kuma ba a kanka za a fara ba. Dattawa biyu na kwamiti suna zaune a gefenka, sun ji. Na je na yi wa Manu bayani, na kama hannunsa na nuna masa yadda ake bugawa. Ya gyaɗa kai, yana murmushi irin na wanda ake koya wa abin da ba zai taɓa buƙata ba. Ya nuna Nura da yatsa, don ya ga shi ne siriri.

Ba a daɗe ba Manu ya ɗaga Nura ya maka shi da ƙasa. Kaye ne mai kyau, irin wanda ake ba da labari, ni ma sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Da a nan aka hura usur, da Manu ya tafi Tozai a kan kafaɗun mutane, Nura ya tafi gida da ciwon baya, kowa ya kwana lafiya. Amma an riga an ce dokar keji, sai Manu ya bi shi ƙasa ya danne. A nan kuma ya shigo gonar Nura. Nura ya zame, ya juya, ya saƙale hannun Manu na dama tsakanin cinyoyinsa, ya miƙar da shi a kan ƙirjinsa. Duk wanda ya taɓa hawa tamfol ɗinmu ya san an gama. Nura bai ja ba. Ya riƙe, ya tsaya, yana ce masa ya buga.

Sai makaɗin Manu ya tsallako igiya. Ya zo har kan su, ya sunkuyo da gangarsa daidai kunnen Manu, ya sauya take. Ya bar taken Manu ya ɗauko na mahaifinsa, wanda kowa a yankin nan ya san ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba, yana kiran sunan mamacin yana cewa ɗansa ba ya kwana a hannun yaro. Mutanen Tozai suka amsa gaba ɗaya. Na ga hannun Manu na hagu ya tashi sama, tafin a buɗe, ya tsaya. Sai ya dunƙule shi, ya dafa ƙasa, ya yunƙura zai miƙe da Nura a rataye a hannunsa, ya fizga ta ɓangaren da gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Waɗanda suke kusa sun ji ƙarar. Nura ya sake shi tun kafin ganga ta yi shiru, kuma shi ne mutum na farko da ya tallafe hannun.

Kafin a fitar da Manu ka ɗaga lasifika ka ce: "Wagga ba kokowa ta ba, mugunta ta. An kada shi ya ji haushi, da gangan yak karya mutum. Ɗan malamai kuwa!" Waɗannan kalmomi ne nake magana a kansu. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Akwai masu tambaya, me ya hana Nura sakinsa da ya ga ba zai buga ba? Tambaya ce mai kyau. A sito idan baƙo ya ƙi bugawa mukan sake shi mu yi masa faɗa. A fili abin bai ba da wannan lokaci ba, tsakanin tashin hannun Manu da fizgar bai kai mutum ya ja numfashi ya sauke ba, kuma Nura ya ga hannun ya tashi, ya ɗauka bugun ne ke zuwa. Duk da haka shi ma yana yi wa kansa wannan tambaya kullum, ba ya buƙatar a taya shi da lasifika.

Wayoyin garin nan ta hannuna suke bi, don haka na ga hoton abin daga kusurwa da yawa. Wanda yake yawo a wayoyin mutane an yanke shi, daga ƙarar ƙashin ya fara, ya ƙare da muryarka. Cikakken yana wurina. A ciki ana ganin bakin Nura yana magana, ana ganin hannun Manu ya tashi ya fasa, ana ganin makaɗi a inda bai kamata kowa ya tsaya ba. Na miƙa maka wayar a shagonka, ka ce kana da idanu, kuma kana wurin.

Na uku, maganar ganga, wadda ka fi ni sani.

Ranka ya daɗe, ban zo koya maka kokawa ba. Ina ƙarami mahaifina ya ɗora ni a wuyansa na ga lokacin da kake shiga fili, na ga yadda mutane suke ja da baya idan an buga takenka. Shi ne kuma ya ba ni labarin ranar da ɗan yatsanka ya karye a farkon karawa da wani ɗan tsallake, aka ce ka fita, makaɗinka ya matso ya kira sunan kakanka, ka koma ka gama wasan da yatsa yana reto. Har yau yatsan a karkace yake, ana ganinsa duk lokacin da ka riƙe lasifika. Ka sha ba da wannan labari kana alfahari, kuma ka cancanta.

To kai ka san abin da ganga take yi wa namiji. Aikinta ke nan, ta hana shi jin ciwo, ta hana shi tunanin gobe. A kokawar gado wannan ba ya kashe kowa, domin ƙasa tana nan za ta tsayar da wasa ko mutum ya so ko bai so ba. A namu wasan babu mai tsayarwa sai mutumin da kansa, da tafin hannunsa. Idan aka sa masa ganga a kunne an ɗauke masa abin da zai ceci kansa da shi. Abin da na durƙusa na roƙa ke nan, ban dai iya faɗinsa da kyau ba a cikin hayaniya. Makaɗin ma ban ga laifinsa ba, abin da ya gada ya yi, kuma babu wanda ya ce masa yau ta bambanta.

Na huɗu, halin da Nura yake ciki.

Mutum ne mai mata da 'ya'ya, ba ya shiga sabgar kowa. Da safe yana koyar da yara a makarantar mahaifinsa, da yamma ya zo sito, shi ke nan rayuwarsa. Tun ranar nan iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajinsa, wasu a fili, wasu da uzurin rashin lafiya. Wata uwa ta aika wa Malam, mahaifin Nura, cewa ba za ta bar ɗanta a hannun mai karya ƙashin manya ba. Yara a layi sun sa masa suna, suna faɗa su ruga. Ya je Tozai duba Manu, matasa suka tare shi a bakin gari, sai da wani dattijo ya raka shi har kan babur ya ce ya koma kada ya sake zuwa. Yanzu ba ya fita sai masallaci, a can ma sahun baya yake tsayawa, ya sallame ya wuce.

Mahaifinsa tsoho ne, bai taɓa son wannan wasa ba, ya ƙyale ne kawai don ya ga babu kiɗa babu caca a ciki. Ya yi shekara da shekaru yana gina sunan makarantar nan, sai ga shi an haɗa ta da mugunta a gaban mutanen ƙasa biyu. Bai yi faɗa ba. Ya kira Nura ya ce masa ya shirya ya tsallaka iyaka ya tafi garin Tawa wurin kawunsa ya zauna har ƙura ta lafa, kuma kowa ya san irin wannan tafiya ba a cika dawowa daga ita ba. Motar kawun mai ɗaukar albasa za ta bi ta nan ranar kasuwa mai zuwa. Na je na sami Nura yana ɗaure littattafansa a kwali, na ce ya dakata in sake gwadawa. Ya ce in bar wahalar da kaina, Alhaji uba ne, abin da uba ya faɗa a kan mutum shi ne sunansa. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Na biyar, Manu.

Maɗorin Garu ya yi aiki mai kyau, an ce hannun zai koma, ko da yake noman ranin bana 'yan'uwansa ne suke yi masa. Kwanakin baya ya zo rumfata da hannu a rataye, wayarsa ta daina caji. Ban yi masa maganar ba, shi ya fara, ya ce ya ji ina da hoton da ba a yanke ba. Na kunna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar daidai inda hannunsa ya tashi. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce: "Malamin ga bai cuce ni ba. Na ji shi shina ce min in buga, hannuna har ya tashi. Amma ganga na kiran sunan ubana, ga mutanen Tozai duk tsaye. Mi za ni ce musu in na koma gida?"

Na tambaye shi ko zai faɗi haka a gaban jama'a. Ya ce idan Alhaji ya kira shi ya tambaye shi ba zai yi ƙarya ba, kuma ya yarda in rubuta abin da ya faɗa. Amma shi da ƙafarsa ya shiga fili ya ce ya kamata ya sallama wa siririn malami, wannan ba zai iya ba, gangar da ta hana shi ranar nan ita ce take hana shi yau. Ban matsa masa ba. Kafin ya tafi ya tambayi ko gaskiya ne Nura zai bar gari, na ce gaskiya ne. Ya karɓi wayarsa ya tafi, sai da ya kai bakin titi ya dawo ya ce in gaishe masa da Nura.

Ka ga inda maganar ta tsaya. Manu ba zai iya wanke Nura ba sai ya zubar da kansa. Nura ba zai wanke kansa ba, don ba ya musu da manya. Ni mai gyaran waya ne, maganata ba ta wuce rumfata. Saura mutum ɗaya wanda zai iya faɗin abin da zai fitar da su duka biyun ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Juma'ar nan za a yi kokawar rufe fili, daga ita sai a naɗe lasifika sai baɗi. Ina roƙon kafin a fara ka ɗauke ta, a wurin da ka tsaya ranar nan, ka ce abin da ya sami Manu tsautsayi ne, Nura bai yi da gangan ba. Ba sai ka ce an ci Manu ba, domin a dokar filinka shi ya yi kaye, kowa ya gani, ka faɗi haka da ƙarfi mutanen Tozai su ji daɗi. Idan ka ƙara da cewa wasan nan ba a yin sa da ganga, kuma ba a sani ba sai da aka gwada, ka gama komai. Babu wanda zai raina ka a kan wannan, mutanen da suka ga yatsanka sun san ba tsoro ne zai sa ka faɗa ba.

Ina kuma roƙon ka taka zuwa zauren Malam, ko ka aika dattijo ɗaya daga kwamiti, kafin ranar kasuwa. Tsohon ba zai sauya magana don jita-jita ba, sai ya ji daga bakin da ya fara faɗa.

Sannan nan gaba, ko da mu ko ba da mu ba, kada a sake haɗa ɗan kokawar gado da ɗan kokawar ƙasa a gaban taro da makaɗi. Wanda yake son ya gwada ya zo inda babu 'yan kallo, a fara koya masa bugu kafin kamu. Maganar sito kuwa na bar ta a hannunka. In ka ga dama ka mayar mana, in ba ka ga dama ba gara ta ci buhunan, ƙaiƙayi ba ya wuya a garin nan.

Ranka ya daɗe, a wasanmu abin da ya fi kowane laifi muni shi ne mutum ya buga ƙasa ka ci gaba da riƙe shi. Wanda ya yi haka ba ya sake hawa tamfol ɗinmu. Nura bai yi musu da kai ba, bai kai ƙara wurin kowa ba, bai ma san ina rubuta wannan takarda ba. Ya daina fita, ya bar ajinsa, ya ɗaure littattafansa. Wannan shi ne bugun ƙasarsa, kuma ya daɗe yana bugawa. Ka sake shi, Alhaji.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kare maka girmanka, ya ba Manu sauƙi ya mayar masa da hannunsa, ya sa filin nan ya daɗe ana taruwa a cikinsa ana watsewa lafiya. In akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin abin da na rubuta, a yafe wa ɗa.

Wassalam.

Naka,
Murtala mai gyaran waya,
bakin tasha, Illela.